Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda miji da mata suka shirya ƙetare teku

Ran 29 ga watan Maris na shekara ta 1966, wani ƙaramin jirgin ruwa mai jan fenti ya shiga tashar garin Alikante, a ƙasar Ispaniya. Mutum biyu ne rak a cikinsa, miji da mata, ƴan ƙasar Faransa: Bernard Moitessier da maiɗakinsa Françoise. Kwana 126 ke nan rabonsu da taka tudu. Sun taso daga Tahiti, a tsakiyar tekun Pasifik, sun yi tafiyar mil 14.216 irin ta masu jiragen ruwa, wato sama da kilomita dubu 26, ba su yada zango ko'ina ba, kuma iska ce ta turo su tun daga farko har ƙarshe. Kafin wannan rana ba a taɓa jin ƙaramin jirgi irin nasu ya yi doguwar tafiya haka a tashi ɗaya ba. Duk wanda ya ji labarin, ƙarfin zuciya ne zai fara zo masa a rai. Amma wanda ya bi shi tun daga tushe zai tarar cewa rabin nasarar a tudu aka same ta, shekaru kafin a ɗaga anka.

Asara biyu, darasi uku

An haifi Bernard Moitessier a birnin Hanoi cikin shekara ta 1925, zamanin da ƙasar Biyetnam take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, ya kuma girma a Saigon. Tun yana yaro yake bin masuntan gaɓar tekun Siyam, kuma a wurinsu ya koyi halin iska da na ruwa. Cikin 1952 ya sayi wani tsohon jirgin katako irin na mutanen yankin, mai suna Marie-Thérèse, ya shiga tekun Indiya shi kaɗai. Ba shi da agogon da za a dogara da shi. Wani dare jirgin ya haye duwatsun tsibirin Diego Garcia, ya farfashe. Mai shi ya tsira da ransa, hannu banza.

Mai karatu zai ce, ina ruwan agogo da hawa dutse? To, a tsakiyar teku ba gari, ba icce, ba rijiyar da za a yi alama da ita. Matuƙan wancan zamani suna auna tsayin rana ko na tauraro bisa layin da sama ta haɗu da ruwa, da wani ƙarfen awo mai madubai wanda ake kira sekistan. Awon tsakar rana yana gwada wa mutum iyakacin nisansa kudu ko arewa. Sanin gabas da yamma kuwa sai da agogo, sabili da duniya tana juya digiri 15 cikin kowace awa. In agogo ya yi kuskuren minti ɗaya tak, lissafin matuƙi zai kauce da wajen kilomita 28 a yankunan tsakiyar duniya. Cikin duhun dare, wannan tazara ta isa ta raba mai rai da gawa.

Bernard ya yi shekara uku a tsibirin Moris yana ayyuka iri-iri, har ya tara abin da ya ƙera jirgi na biyu, shi ma na katako. Da shi ya kai Afirka ta Kudu, ya ƙetare tekun Atalantika. Cikin 1958, kusa da tsibirin Saint-Vincent na yankin Karayib, barci ya sace shi bayan ya daɗe bai runtsa ba. Jirgin ya ci gaba da gudu ba mai dubawa, har ya daki gaɓa. Asara ta biyu ke nan.

Wani da ya haƙura, ya ce shi da teku sai dai kallo. Shi kuwa sai ya zauna ya yi lissafin abin da ya kashe masa jirage biyu, kamar yadda ɗan kasuwar da ya karye yake komawa kan littafinsa. Ya fito da darasi uku: katako ba ya jure dutse; tafiya ba ingantaccen agogo makanta ce; kuma ido ɗaya ba ya iya gadin jirgi dare da rana. A kan waɗannan uku aka gina dukan abin da ya biyo baya.

Ƙarfe, itacen waya da fenti

Ya koma Faransa ba ko tamma a aljihunsa, ya kama aikin yawon tallar magunguna wurin likitoci. A wannan tsakani ya auri Françoise, wadda iyayenta suka san nasa, ya kuma rubuta labarin asarorinsa cikin littafi mai suna Vagabond des mers du Sud, wanda ya fito a 1960. Littafin ya kawo masa ɗan kuɗi, ya kuma kawo masa abin da ya fi kuɗi, wato mutane. Jean Knocker, gwanin zanen jiragen ruwa, ya ɗauki nauyin zana masa fasalin sabon jirgi. Jean Fricaud, mai masana'antar ƙarfe a Chauffailles, wani gari da ke nesa da kowane teku, ya yarda a ƙera shi a wurinsa a kan kuɗin kayan aiki.

Jirgin da ya fito cikin 1962 tsawonsa mita 12 ne da ɗan kai, da ginshiƙai biyu masu ɗauke da filafilai, wato manyan zannuwa masu kauri da ke tarar iska su tura jirgi gaba. An sa masa suna Joshua domin tunawa da Joshua Slocum, mutum na farko da ya kewaye duniya shi kaɗai cikin jirgi, daga 1895 zuwa 1898. Gangar jikinsa duka ƙarfe ce. A lokacin, masu jiragen shaƙatawa suna ganin ƙarfe kayan jiragen dako ne, katako mai sheƙi shi ne na manya. Amma ƙarfe yana da hujjojinsa. In ya daki dutse yakan loɓa, ba ya tarwatsewa. In an yi masa walda mai kyau ruwa ba ya samun kafar shiga. Tsutsar nan ta tekuna masu ɗumi, wadda ke cin katako kamar yadda gara ke cin azara, ba ta da haƙorin cinsa. Kuma kowace tashar jiragen ruwa ta duniya ba a rasa mai walda. Abokin gabarsa ɗaya ne, tsatsa, wadda ruwan gishiri ke hurawa. Maganinta kuwa ba wani asiri ba ne: a kankare, a shafa fenti, a sake shafawa, shekara da shekaru.

Da aka zo kan ginshiƙai, kuɗi sun ƙare. Maimakon su jira ko su ci bashi, sai suka nemi itatuwan da ake kafawa a bakin hanya domin wayar tangaraho, aka sassaƙe su aka kafa. Igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da su ma irin na masu aikin waya ne. Injin da aka sa ƙarami ne ƙwarai, amfaninsa shiga tasha da fita. Ƙa'idar gidan ita ce, abin da hannun mai jirgi ba zai iya gyarawa a tsakiyar ruwa ba, kada a dogara da shi. Duk direban kamyon da ya taɓa kwana uku a daji saboda wani ɗan ƙarfen da babu irinsa sai a Turai ya san darajar wannan magana.

Ba su tashi nan take ba. Cikin 1962 da 1963 sun mai da jirgin makarantar koyon tuƙi a Bahar Rum, suna ɗaukar masu biya suna yawo da su. Riba biyu ce: ga kuɗin guzuri suna taruwa, ga jirgi yana shan gwaji a hannun ƴan koyo, waɗanda ba abin da ke da rauni da zai kuɓuce musu. Abin da zai karye gara ya karye kusa da gida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Shirin da ya fi wuya ba na ƙarfe ba ne. Françoise tana da ƴaƴa uku daga aurenta na fari, dukansu suna lakwal. Aka sa su a makarantun kwana, aka yi musu alkawarin cewa tafiyar tana da iyaka, uwarsu za ta komo. Cikin watan Oktoba na 1963 Joshua ya bar tashar Marsai.

Zaman mutum biyu cikin jirgi irin wannan yana da dokokinsa. Teku ba ya barci, don haka dole a raba dare da rana kashi-kashi: in ɗaya ya kwanta, ɗayan yana duban iska, da filafilai, da fitilun manyan jiragen da za su iya take su ba su ma sani ba. Domin a rage wahala, Bernard ya haɗa wata ƴar dabara a bayan jirgi: wani faifai mai juyawa da iska, wanda aka haɗa da akalar jirgin, ta yadda in jirgi ya kauce, iskar da kanta za ta mai da shi kan hanya. Ba ya cin mai, ba ya cin batir. Amma faifai ba shi da ido, ba ya ganin dutse.

Ban da wannan, ba aikin miji, ba aikin mata. In mijin ya faɗa ruwa ko ya karye, matar ce za ta sauke filafili, ta juya jirgi, ta auna rana, ta duba taswira, ta kai su gaɓa. Françoise ta koyi tuƙi a kan wannan jirgi, kuma za a ga ranar da koyon ya yi amfani. Sa'an nan ga zaman kansa: ɗakin kwana da madafa da ma'aji duk wuri ɗaya ne, bai kai shagon ɗan tireda ba, kuma yana rawa ba tsayawa. In rai ya ɓaci, ba maƙwabcin da zai shiga tsakani, ba gidan iyaye da za a yi yaji. Masu wannan sha'ani sun daɗe da sanin cewa tafiye-tafiye da yawa a tasha suke mutuwa, jirgi lafiya lau, mutanen cikinsa ne suka kasa jure juna.

Lissafin guzuri

Abin mamaki ga mutumin tudu shi ne, ƙishirwa ita ce babbar barazana a tsakiyar ruwa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, wanda ya sha shi ƙishirwa za ta ƙaru, ƙoda ta gaji. Saboda haka matuƙan zamanin suna cika tankuna a tasha, su ƙayyade abin da kowa zai sha a yini, su yi wanka da wanke-wanke da ruwan gishiri. In hadari ya taso, a rataya bokiti ƙarƙashin filafili a tari ruwan sama. Madugun da ya san hanyar Bilma ba zai ga baƙon abu a nan ba: ana ƙirga ruwa da kwanakin tafiya, a ƙara na ɓacin rana.

Abinci kuwa shi ne wanda ba ya lalacewa: shinkafa, taliya, wake, madarar gwangwani, kifi da naman gwangwani, albasa da dankali. Tun da danshi yana cire takardar da ke jikin gwangwani, al'adar matuƙa ce su cire ta da kansu, su rubuta sunan abin da ke ciki da fenti. Ƙwai ana shafe shi da man baselin domin ya toshe kafofin ɓawonsa, ya daɗe. Ana tafiya da lemun tsami saboda ciwon nan na rashin bitamin C, mai kumbura dasashi da zubar da haƙora, wanda ya hallaka ɗimbin ma'aikatan jirage a ƙarnonin baya. Sai allurai da zare da ƙyallen faci na ɗinkin filafilai, da igiyoyi, da kananzir na fitila da na murhu, da akwatin magani, da akwatin rediyo mai kamo tashoshin da ke buga ƙarfe daidai, domin a riƙa gwada agogo. Darasin Diego Garcia bai faɗi ƙasa ba.

Lodin ma ilimi ne. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, kuma a tsakiya, domin kada jirgi ya rinjaya. Kowane abu sai an ɗaure shi ko an kulle shi, don in jirgi ya kwanta a gefensa, tukunyar da aka bari sake takan zama makami.

Alkawari kaya ne

Tafiyar farko cikin sauƙi aka yi ta. Sun yi sanyin shekara a Kasabalanka, suka wuce tsibiran Kanari, inda yaran suka zo musu hutu. A ƙarshen 1964 suka ƙetare Atalantika zuwa Martinik bisa iskar nan mai kaɗawa kullum daga arewa maso gabas. Mutanen Nijar sun san ta ba tare da sun ga teku ba, domin hunturu reshenta ne: iskar da ke busar da leɓe a Tawa da Damagaram, danginta ne ke tura jirage daga gaɓar Afirka zuwa Amurka. Daga nan suka bi mashigin Panama, suka tsaya a tsibiran Galapagos, suka isa Tahiti cikin 1965.

A nan ne lissafi ya tsaya musu a wuya. Shekara biyu ta kusa cika, abin da ya rage kafin lokacin da suka ɗibar wa yara bai wuce wata takwas ba. Hanya uku ce a gabansu. Ta farko, su ci gaba yamma ta tekun Indiya da Bahar Maliya da mashigin Suwez, kamar yadda suka tsara tun farko. Hanya ce mai daɗin iska, amma doguwa, ba za su cika alkawari ba. Ta biyu, su juya ta Panama, iska tana dukansu a goshi dubban kilomita. Ta uku, su gangara kudu har inda iskar yamma take kaɗawa da ƙarfi, ta kwashe su gabas, su kewaye ƙarshen ƙasar Amurka ta Kudu, su hau Atalantika. Ita ce mafi sauri. Ita ce kuma ke bi ta Kap Horn.

Kap Horn wani dutse ne a kan tsibirin ƙasar Shili, wajen digiri 56 kudu, wanda matuƙan Holand suka raɗa wa suna cikin 1616. Tsakaninsa da yankin ƙanƙara na Antaktika akwai mashigi mai faɗin wajen kilomita 800. A wannan sashe na duniya ba wata ƙasa da ke tare iska, tana kewaya duniya ne a sake, tana tara raƙuman ruwa masu tsayin gidan sama. Kafin a buɗe mashigin Panama cikin 1914, manyan jiragen fatauci ta nan suke bi, kuma da yawa ba su komo ba. Wato domin uwa ta ga ƴaƴanta a kan lokaci, sai ta bi hanyar da za ta iya mai da su marayu. Françoise ta yarda.

Gani ga wane

Ba su shiga da ka ba. Sun san labarin wasu miji da mata ƴan Ingila, Miles da Beryl Smeeton, waɗanda suka nufi Kap Horn daga Ostiraliya cikin jirginsu Tzu Hang. A watan Fabrairu na 1957 wani raƙumin ruwa ya ɗaga bayan jirgin, ya wuntsila shi, ginshiƙai suka karye, rufin ɗaki ya tafi, aka jefa Beryl cikin teku da rauni a kafaɗa, ta yi iyo ta komo. Da kyar suka kai gaɓar Shili. Suka gyara, suka sake gwadawa a ƙarshen shekarar, teku ya sake kifar da su.

Daga wannan labari da irinsa Moitessier da matarsa suka tsamo abin yi. Na farko, kada mai tuƙi ya zauna a waje inda ruwa zai share shi. Aka kafa sitiyari na biyu cikin ɗaki, da kujera. Domin mai tuƙi ya ga waje, Bernard ya sami daro na ƙarfe, ya kife shi bisa murfin ƙofar ɗakin, ya huda masa tagogi, ya toshe su da roba mai kauri da ake gani ta cikinta. Mutum yana zaune a bushe, kansa cikin daro, yana kallon gaba da baya. Na biyu, a toshe kowace kafa, a ƙarfafa kowane murfi, a ɗauka cewa wata rana jirgin zai kife kuma dole ya tashi da kansa. Na uku, a tanadi abin rage gudu. Ra'ayin yawancin masana a lokacin shi ne, in guguwa ta yi tsanani a sauke filafilai duka, a saki manyan igiyoyi a baya domin su riƙe jirgi kada ya yi tsere bisa gangaren ruwa. Suka tanadi igiyoyi masu kauri da guntayen ƙarfe masu nauyi na ɗaurawa.

Sun kuma zaɓi lokaci. A kudancin duniya watannin Disamba da Janairu su ne na zafi, rana tana daɗewa, dare gajere ne. Ran 23 ga Nuwamba 1965 suka ɗaga anka.

Ranar da aka yanke igiya

A tsakiyar watan Disamba guguwar da ake tsoro ta same su, nesa da kowace gaɓa. Suka yi abin da suka shirya: aka sauke filafilai, aka saki igiyoyi biyar da nauyinsu, Bernard ya shiga ƙarƙashin daro ya kama sitiyari. Da farko dabarar ta yi aiki. Amma da raƙuman ruwa suka ƙara girma, sai abin ya juye. Igiyoyin sun sa jirgin ya yi nauyin jiki, ba ya jin akala da sauri, ruwa yana fashewa a kansa. Duk da haka, in babban raƙumi ya ɗauke shi, sai ya gangara da gudu ya soka goshinsa cikin ruwa. Abin da ya sami Tzu Hang ke nan yake tafe.

Bayan awoyi masu yawa a kan kujera, Bernard ya tuna da Vito Dumas, wani ɗan Arjantina da ya kewaye duniya shi kaɗai ta waɗannan tekuna cikin 1942 da 1943, a jirgin da bai kai nasu girma ba, kuma bai ja igiya ko ɗaya ba. Ya roƙi Françoise ta buɗe littafin da ke ɗauke da bayaninsa, ta karanta masa, jirgi yana jifa da su. Dabarar Dumas ita ce a bar jirgi ya yi gudunsa, amma kada ya ba raƙumin ruwa baya sosai. A ɗan karkata shi digiri 15 zuwa 20, ta yadda zai kwanta a gefe ya zame bisa ruwa maimakon ya nutsa da ka.

Bernard ya ba matarsa sitiyari, ya fita waje, ya zaro wuƙarsa ta aljihu, ya yanke igiyoyin duka. Abin da suka saya da kuɗinsu, suka ɗauko tun daga tasha domin wannan rana, ya tafi ƙarƙashin teku cikin ƙiftawar ido. Nan take jirgin ya sami kansa. Aikin da ya rage shi ne na hannu da ido: kowane raƙumi sai an waiwaya an gan shi, a karkata, ya wuce, a miƙe, a jira na bayansa. Guguwar ta yi kwana shida. Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba, kuma a nan ne koyon Françoise ya biya, domin ta karɓi tuƙi suna canji, mijinta ya sami barci, barcin da rashinsa ya ci jirginsa na biyu.

Cikin watan Janairu na 1966 suka wuce Kap Horn, suka hau Atalantika, suka shiga Bahar Rum ta Jibraltar. In aka raba nisan da kwanakin, kowace rana sun yi wajen kilomita 209, abin da bai kai tsakanin Maradi da Damagaram ba. Sannu ba ta hana zuwa. Sun iso gab da hutun Ista, yara suka ga uwarsu.

Abin da ya biyo baya

Labarin bai ƙare da daɗi ta kowane gefe ba. Cikin 1968 jaridar Sunday Times ta Ingila ta shirya gasar kewaya duniya, mutum ɗaya cikin jirgi, ba tsayawa. Bernard ya tashi daga Plymouth ran 22 ga Agusta cikin Joshua, Françoise tana tudu. Ya wuce Kap Horn lafiya, ana ganin yana iya lashe kyautar gudu. Sai a watan Maris na 1969, kusa da birnin Kap na Afirka ta Kudu, ya harba saƙo cikin wani jirgi da gwafar danƙo irin ta yara masu harbin tsuntsu, yana sanar da cewa ya bar gasa, ya ci gaba gabas. Bai tsaya ba sai a Tahiti, ran 21 ga Yuni. Ɗan Ingila Robin Knox-Johnston ne kaɗai ya kammala cikin mutum tara da suka shiga. Auren da ya jure guguwar kwana shida bai jure wannan rabuwa ba. Daga baya Françoise ta sami nata jirgin, ta ci gaba da tuƙi da kanta.

Shi kuwa Joshua, a watan Disamba na 1982 wata guguwa ta jefa shi bisa yashin Cabo San Lucas na ƙasar Meksiko tare da wasu jirage da dama. Ginshiƙai sun tafi, yashi ya cika shi, amma gangar jikin ƙarfen ba ta fashe ba. Aka tono shi, aka gyara. Cikin 1990 gidan tarihin jiragen ruwa na La Rochelle ya saye shi, kuma a 1993 hukumomin Faransa suka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Bernard Moitessier ya rasu ran 16 ga Yuni 1994, aka binne shi a ƙauyen Le Bono na yankin Bretagne.

A yau miji da matar da ke shirin irin wannan tafiya suna da abubuwan da waɗancan ba su yi mafarkinsu ba: na'urar GPS mai faɗin inda mutum yake cikin daƙiƙa, wayar tauraron ɗan Adam, faifan hasken rana, da injin da ke tace gishiri daga ruwan teku. Kowane watan Nuwamba jirage sama da ɗari suna tashi tare daga Las Palmas na tsibiran Kanari zuwa Karayib. Amma duk waɗannan na'urori da lantarki suke aiki, kuma lantarki da ruwan gishiri ba sa ga maciji. Tambayoyin da Bernard da Françoise suka yi wa kansu a tasha su ne har yanzu ake yi: in wannan ya lalace, wa zai gyara? In ɗayanmu ya kwanta, ɗayan ya iya? Ruwan kwana nawa ke cikin tanki?

Gaskiyar magabata tana nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Wajen shekara huɗu suka yi suna fafe nasu, daga walda ta fari har zuwa daron da aka kife a kan ƙofa. Amma labarin ya ƙara wani abu da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su riƙe: shiri yana iya zama kaya, kuma wanda ya shirya da gaske shi ne wanda ya san ranar da zai sauke shi. Cikin dukan abin da aka loda wa Joshua a Tahiti, da wuya a sami wanda ya kai wuƙar aljihu araha.